Ranar da Na Je Ɗauko Babana a Gidan Cacar Maradi

Ina gaishe ku duka a cikin sunan Yesu Almasihu, Mai Cetonmu. Fasto, dattawan ikilisiya, iyayena mata na zumunta, matasa da yara, salamar Ubangiji ta zauna tare da ku.

Ga baƙin da ba su san ni ba, sunana Hannatu, matar Istifanus mai gyaran babur. Ina sayar da kayan miya a kasuwar Jibiya. Shaidar da zan bayar ba tawa ba ce ni kaɗai, rabinta na babana ne, Baba Nomau, ga shi can zaune a bencin dattawa ya sunkuyar da kai kamar ba da shi ake ba. Sai da na nemi izininsa kafin in tsaya a nan. Ya ce mini, "Hwaɗi duka, ɗiyata. Abin da Allah ya wanke ba a ɓoye shi."

Babana manomi ne tun tasowarsa, a wani ƙauye ta wajen Gangara. A cikin addinin kakanninmu ya girma. Innarmu ce ta fara karɓar Yesu, ta yi ta fama da shi shekara da shekaru har shi ma ya bi. Waɗanda suka san su sun san irin zamansu. Gardama ce safe da yamma. In ya ce yau za a yi ruwa, ta ce ba za a yi ba. In ta ce miya ta ji gishiri, ya ce ko ƙamshinsa bai ji ba. Muna yara mun ɗauka faɗa ne. Sai da na yi aure na gane ashe hirarsu ke nan.

Da rashin tsaro ya tsananta a ƙauyukanmu, noma ya gagara. Muka matsa musu suka dawo gidanmu a nan cikin gari. Ba a daɗe ba Inna ta kwanta, Ubangiji ya kira ta gida.

Mun yi wa Baba duk abin da muka iya. Muka ba shi ɗakin da ya fi iska. Istifanus ya saya masa kujera da rediyo. Ko buta ya ɗauka sai wani ya ruga ya karɓa. Duk abin da ya faɗa, "To, Baba." Mutumin da muryarsa ke kaiwa daga gona zuwa gida ya koma sai ya wuni bai ce uffan ba. Yana zaune a ƙofar gida yana kallon manyan motoci suna wucewa zuwa boda. Ga ciwon suga da likita ya ce yana da shi. Ina kallonsa yana narkewa kamar gishiri a damina, ban san abin yi ba.

Ana nan sai wani tsohon abokinsa ya zo gaisuwa. Sunansa Mati, tare suka yi cin rani suna samari, shi ya zauna a Maradi. Suka wuni suna tuna da. Da zai tafi ya ce, "Ku bar mini shi ya je ya sha iska, ya ga dangi." Muka ce to. Baba ya dawo da burodin Nijar mai tsawon nan a hammata, yana dariya, yana tsokanar jikokinsa. Na shiga ɗaki na gode wa Allah.

Daga nan tafiya ta zama jiki. Yau ya ce gaisuwar mutuwa, gobe ya ce maganin gwiwa ya fi kyau a can. Sannu a hankali na ga kekensa babu. Na tambaya, ya ce ya ba wani aro. Awakin da Inna ta bari suka fara raguwa. Ran nan na duba bayan ɗaki inda ya jingine galmarsa, wadda ya ƙi rabuwa da ita ko da muka baro ƙauye, ita ma babu.

Wani maƙwabcinmu direba, Malam Sani, mai jigilar mutane zuwa Maradi, shi ya tare ni a hanya. Ya yi ta kwana-kwana kafin ya ce, "Hannatu, ban son kai tsegumi, amma haƙƙin maƙwabtaka ne. Tsohonku ba wurin dangi yake zuwa ba. Gidan caca yake zuwa."

 Babana? Mutumin da ke riƙe da kwanon karɓar baiko a majami'a ran Lahadi?

Da yamma na tambaye shi. Ban iya tambaya ba, gaskiya, zafin zuciya ya riga hankalina. Bai musa ba, bai kuma amsa ba. Gari na wayewa ya ɗauki jakarsa ya fita yana ɗingishi, don ƙusa ta soke shi a tafin ƙafa a makon, ya ce ba komai ba ne. Muka jira ya dawo kamar yadda ya saba. Shiru. Wayarsa a kashe. Lahadi ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce.

Iyayena na zumuntar mata, kun tuna ranar da na fashe da kuka a tsakiyar taro. Ban gaya muku komai ba, na ce dai ku yi wa babana addu'a. Kuka kewaye ni kuka yi. Allah ya saka muku da alheri. A cikin addu'ar nan ne na ji zuciyata ta tsaya wuri ɗaya: tashi ki je.

Istifanus ya ce shi zai je. Na ce a'a. Baba zai iya jure ganina a wurin, amma in surukinsa ya gan shi a haka, kunya za ta hana shi dawowa har abada. Ya ce gaskiya ne. Ya kai ni tasha ya sa ni a motar Malam Sani.

Kun san hanyar. A Magama aka sauke mu aka duba, muka ƙetare, jandarmomin Nijar suka sake dubawa. Wani ya tambaye ni abin da zan je yi. Na ce zan je gaida mahaifina. Ba ƙarya na yi ba. Daga Ɗan Isa har Maradi ina shirya maganganun da zan faɗa masa. Na jera su tsaf, masu zafi. Na ce zan tuna masa da Inna. Zan tuna masa da ikilisiya.

Malam Sani bai san ainihin gidan ba. Ya haɗa ni da wani ɗan kabu-kabu ya ce ya kai ni inda ake caca. Ashe wuraren suna da yawa. Ya fara kai ni wani babban gini mai ƙofar gilashi, motoci masu tsada a jere, sanyin na'ura yana fitowa har waje. Na kwatanta wa mai gadi babana: dogon tsoho, baƙi, mai zane a kumatu, yana ɗingishi. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ba da wulaƙanci ba, ya ce, "Irin wannan ba nan yake zuwa ba. Ki nemi gidan Madam Akuwa."

Ɗan kabu-kabun bai taɓa jin sunan ba. Muka tambayi mai shayi, ya tura mu wurin wani mai faci, shi ne ya nuna mana wani lungu bayan tsohuwar tasha. Lungun ya yi ƙanƙanta, babur bai shiga. Na sauka na bi gefen kwata da ƙafa, rana tana tsakiyar ka.

'Yan'uwa, ni a tunanina gidan caca wani wuri ne mai walƙiya, da kiɗa, da mugayen mutane masu jajayen idanu. Abin da na tarar tsohon shago ne da aka haɗe da ɗakin baya. Allon da ke saman ƙofa rana ta cinye rubutunsa, sai hoton karta ya rage. Labulen ƙofa tsohon zanen gado ne. Akuya tana kwance a bakin ƙofar, sai da na tsallake ta.

Ciki duhu-duhu. Fanka tana juyawa a sama tana kuka kamar za ta faɗo. A jikin bango akwai injinan caca irin masu hannu a gefe, duk sun mutu sai guda, a kan ɗaya ma kaza ce ta yi wurin kwanciya. Akwai wani tebur mai faifai da ake juyawa, an tokare ƙafarsa da bulo, an ɗora tukunyar shayi a kai. Kwanon rufin ya huje, hasken rana yana saukowa ɗigo-ɗigo a kan ƙasa.

Kafin idona ya saba da duhun, kunnena ya riga ya ji. Dariyar babana. Irin dariyar nan tasa mai fitowa daga ciki, wadda ban ƙara ji ba tun da aka binne Inna. Yana cewa, "Shef, kai ɓarawo ne! Na ga abin da ka sa ƙarƙashin cinya."

Duk maganganun da na jera a mota suka watse.

Wata mata mai jiki tana zaune kusa da ƙofa, da tabarau da aka ɗaure da zare, tana fifita da kwali. Ita ce Madam Akuwa. Mutuniyar Togo ce, amma Hausa a bakinta kamar a nan aka yanke mata cibiya. Ta dube ni ta ƙasan tabarau ta ce, "Ke ce Hannatu. Hancinku ɗaya. Kin daɗe, amma gara da kika zo. Shiga ki gan shi."

Yana kwance a kan benci can kusa da ƙofar baya inda iska ke shigowa. An jingina masa matashi. Ƙafarsa ta dama tana kan bokitin da aka kife, an naɗe ta da tsumma. Sun jawo tebur har gabansa don ya iya wasa daga kwance. Tsofaffi ne zalla a kewaye da shi. Na gane Mati. Wanda ake kira Shef tsohon jandarma ne da ya yi ritaya, gashin bakinsa fari fat. Sauran ma duk sa'o'in Baba ne.

Mati ne ya fara ganina. Ya ajiye kartarsa a hankali. Baba ya juyo.

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canza haka ba. Ya ja hularsa ya rufe ido. Ya ce, "Mi ya kawo ki nan? Nan ba wurin ɗiyar mutunci ba ne."

Na durƙusa na gaishe shi kamar yadda nake yi kullum. "Baba, ina wuni. Yaya ƙarfin jiki?"

 A durƙushen nan ne warin ya doke ni. Na miƙa hannu zan kwance tsumman, ya janye ƙafar, ya yi ƙara. Shef ya ce, "Bar ta ta gani, Nomau." Na kwance. Ba zan kwatanta muku ba, akwai yara a nan. Ƙafar ta kumbura har ƙauri, babban yatsan ya yi baƙi.

Na juya a kan Mati da fushi. Na ce, "Baba Mati, kuna kallonsa haka kuna raba karta?"

Tsohon ya sunkuyar da kai. Madam Akuwa ce ta amsa daga inda take. "Kada ki ga laifinsu duka. Sun yi, sun yi. Shef ya kawo mota har bakin lungu za a kai shi asibiti, ya riƙe bencin nan ya ce sai dai a sare hannunsa. Mun nemi lambarki, ya cire katin wayarsa ya jefa a kwata. Ni nake wanke masa ciwon da ruwan ɗumi da gishiri. Na hana shi shayi mai suga, sai ya saci na Mati. Babanki taurin kai gare shi kamar jaki."

Daga ƙarƙashin hula Baba ya ce, "Ke ma haka."

Ta ce, "Kin ji ko? Haka muke wuni."

Na ce, "Baba, tashi mu tafi gida."

Ya ce, "Ba ni zuwa."

"Don me?"

Ya ɗage hular. Idanunsa sun yi ja. "Da wace huska? Na saida keke. Na saida awakin uwarki. Na saida galmata, Hannatu, galmar da na ciyar da ku da ita. In koma in zauna gaban mijinki? In shiga majami'a mutane su matsa mini wuri? Bari in mutu nan, an san ni ɗan caca. Ya hi mini sauƙi."

Madam Akuwa ta taso da ƙyar ta zo ta tsaya a kansa. Ta ce, "Ɗan caca? Kai? Shekarata nawa a wannan sana'a, na san ɗan caca tun daga tafiyarsa. Ɗan caca idonsa a kan kuɗi yake. Kai ko ka ci ko an cinye ka, duk ɗaya, muddin akwai wanda za ka zaga. Ko riƙe karta ba ka iya ba, kowa yana ganin hannunka." Tsofaffin suka yi ƙasa da kai suna danne dariya. Ta juyo gare ni. "Tambaye shi abin da yake nema a nan."

Na tambaye shi.  

Sannan ya ce, "Gidanki ba a rage ni da komi ba. Allah shi yi muku albarka. Amma tun da uwarki ta tahi, ba wanda ya ƙara ce mini ƙarya nike. Komi na ce, 'To, Baba.' Kamar na riga na mutu ana jiran a binne. Nan in na ce rana ce, Shef sai ya ce dare ne. Sai in ji ni mutum ne." Ya share ido da bayan hannu. "Da hwarko abin da ya kawo ni ke nan. Amma kada in yi miki ƙarya, daga baya abin ya kama ni. In na kwanta karta nike gani. Na so in bari, na kasa. Na yi addu'a, bakina ya yi nauyi. Na ce Yesu ya gaji da ni."

'Yan'uwa, a nan ƙarfina ya ƙare. Ba zan iya ɗaukarsa ba. Ba zan iya lallashinsa ba. Ƙafar tana ruɓewa a gabana, shi kuma ya riƙe benci. Abu ɗaya ya rage mini.

Na dubi Madam Akuwa na ce, "Mama, ki ba ni izini in yi addu'a a gidanki."

Ta ce, "Gidan nan ya ji zagi iri-iri. Bari ya ji addu'a." Ta miƙa hannu ta kashe injin nan guda da ke aiki. Shef ya tattara kartar ya kife. Yawancinsu Musulmi ne, amma babu wanda ya tashi. Suka gyara zama.

Na kama hannun Baba.  Ni da nake jan addu'a a zumunta, na rasa ta inda zan fara. Sai na ji kaina ina yi irin yadda Inna take yi in abu ya fi ƙarfinta, kamar tana magana da wanda ke zaune kusa da ita. Na ce, "Yesu, ga mu. Ka ga inda muke. Ka ga ƙafar nan. Ka ga zuciyar nan. Wannan tsohon naka ne, kai ka saye shi, ba mu ba. Ya ce ka gaji da shi. Ni ban yarda ba, amma ba zai ji daga bakina ba. Kai ka gaya masa."

Iyakar abin da na iya faɗa ke nan. Sauran kuka ne.

Sai na ji ya damƙe hannuna. Babana, wanda ko a jana'izar Inna bai bari an ga hawayensa ba, ya fashe da kuka kamar yaro. Ya ɗaga murya ya ce, "Ubangiji, ni ne Nomau. Ka san ni tun ina yanka kaji gindin tsamiya, ka je har can ka ɗauko ni. In ba ka ƙyamaci can ba, kada ka ƙyamaci nan. Ka sake ɗauko ni. Ni ban iya tashi da kaina."

Na ce amin. Na ji muryoyi a bayana sun ce amin. Da na buɗe ido na ga Shef yana shafa fuska, Madam Akuwa ta cire tabarau tana goge su da bakin zane.

Baba ya saki bencin. Da idona na ga yatsunsa sun buɗe. Ya ce, "Mu tahi gida."

Halleluya! Ku taya ni ɗaga sunan Yesu.

Ba ya iya taka ƙasa, mota kuma ba ta shiga lungun. Tsofaffin nan suka ɗauke shi da bencin gaba ɗaya. Ku yi tunanin abin: masu furfura, wannan yana tari, wancan yana riƙe da ƙugu, suna tafe da shi a gefen kwata, shi kuma daga sama yana ba da umarni. "Mati, ɗaga naka gehen, za ka zubar da ni." Mati ya ce, "In ka ƙara magana a kwatar za mu aje ka." Mutanen lungu suka fito suna kallo. Ina bin su a baya da jakarsa, ina kuka ina dariya.

A bakin titi Madam Akuwa ta sa an kawo burodi da ruwa ta tura cikin motar Malam Sani, wanda na kira ya zo. Na rasa yadda zan gode mata. Na ce, "Mama, kin riƙe mini uba." Ta ce, "Na riƙe shi, na kuma ci kuɗinsa, kada ki mai da ni waliyyiya." Sannan ta leƙa ta taga ta nuna Baba da yatsa. "Nomau, in na ƙara ganin ƙafarka a ƙofata, da taɓarya zan karya ɗayar." Ya ce, "Wa zai dawo wannan kangon naki?" Ta juya da sauri ta koma lungu, ba ta waiwayo ba.

Malam Sani ya jira mu, Allah ya saka masa. Ya ba Baba kujerar gaba. A boda, jami'in da ya leƙo ya ga ƙafar, bai ko sauke mu ba, ya ce mu wuce, Allah ya ba da lafiya. Istifanus yana jiranmu a tasha. Baba ya kau da kai don kada su haɗa ido. Mijina ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Baba, sannu da hanya," ya juya baya ya goye shi zuwa wata motar. Har yau bai taɓa tayar masa da maganar ba.

Muka wuce asibiti a Katsina. Likita ya duba ya girgiza kai, ya ce da mun ƙara jinkiri da ƙafar duka za a cire, wataƙila ma da ba a kai ga haka ba. Ikilisiya ta yi azumi, kuka yi ta zirga-zirga da abinci. Aka yi aiki, aka cire babban yatsan kawai. Ƙafar ta tsira. Da ita ya tako zuwa sujada yau. Allah mai iko ne.

Amma kada in ba ku rabin gaskiya. Ciwon ƙafa ya fi saurin warkewa. Bayan mun dawo gida nakan ga hannunsa yana motsi a kan cinya kamar mai raba karta. Shi da kansa yakan ce, "Hannatu, abin ya taso. Zo ki yi mini addu'a." In ajiye abin da nake yi mu yi. Wata rana da hantsi aka neme shi aka rasa. Istifanus ya bar aiki ya nufi tasha, ya same shi zaune a cikin motar Maradi, ana jiran ta cika.  Ya buɗe ƙofa ya shiga ya zauna kusa da shi. Suka zauna. Da motar ta kusa cika, Baba ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Sauka mu tahi, kana ɓata wa mutane wuri." A hanya ya gaya masa cewa tun da ya zauna yake roƙon Yesu ya aiko wani. Tun daga ranar bai sake ba.

Ubangiji kuma bai bar hannunsa haka ba. Ɗaya daga cikin dattawanmu, ba zan faɗi sunansa ba don ba ya so, ya yanka masa wani yanki a lambunsa ta wajen dam. Yanzu Baba yana noman rani, tumatir da albasa da yakuwa. Ni nake sayen kayansa, kuma ba ya rage mini ko kaɗan. Da yamma suna dara da dattawa a gindin bishiyar bayan majami'a, babu ko sisi a ciki, sai ihu. Fasto shaida ne, har ofishinsa yana jin su.

Ni ma na koyi abu. Na daina "To, Baba." Jiya ya ce miyata ba gishiri. Na ce harshensa ne ya tsufa. Ya ce uwata ma ba ta iya miya ba, gado na yi. Muka yi ta yi har tuwo ya huce. Ya cinye ya nemi ƙari.

Baba Mati yakan zo ranar kasuwa, su zauna a lambu. Ya ce shi ma ya rage zuwa can, wurin ba daɗi tun da babu wanda ake cuta. Ya ce Madam Akuwa tana tambayar ƙafar, ta kuma hana kowa zama a kan bencin nan, wai na baƙo ne. Ina roƙonku, in kuna addu'a ku sa da ita, da Baba Mati, da Shef, da sauran tsofaffin nan. Sana'ar ba ta da kyau, ta cinye wa babana abin da ya tara, ba zan ce ba haka ba. Amma mutanen da ke ciki sun wanke ciwon da ni 'yarsa ban san da shi ba. Allah da ya ga wannan, ya san yadda zai saka musu, ya kuma san hanyar da zai bi ya kai gare su.

'Yan'uwana, wataƙila akwai mai zaune a nan da nasa ya shiga wani lungu da ake jin kunyar ambata. Ɗa ne, ko miji, ko uba kamar nawa. Wataƙila kai ne da kanka, kana cewa Yesu ya gaji da kai. Bai gaji ba. Kada ku yanke ƙauna, kada ku bar kunya ta rufe muku baki. Ku yi addu'a, in ya ce ku tashi ku je, ku je. Ni na tafi Maradi ina tsammanin ni zan kai Yesu wurin da bai taɓa shiga ba. Da na ɗaga labulen nan, na tarar ya riga ni isa, ya daɗe a zaune kusa da babana yana jira.

Godiya da ɗaukaka su tabbata ga Allah Uba, da Ɗansa Yesu Almasihu wanda ya dawo mini da mahaifina. Ku dogara gare shi. Amin.